Sharhi kan na'urar Garmin Xero C1 Pro ta auna gudun harsashi

Tun da na fara wasan harbin nesa a wani filin harbi mai lasisi a nan Amurka, babu abin da ya ba ni wahala kamar sanin ainihin gudun da harsashi yake fita da shi daga bakin bindigata. Mai harbin farantin ƙarfe a yadi 100 ba sai ya damu da wannan ba, amma a yadi 1,000 harsashin 6.5 Creedmoor yana ɗaukar kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi yana tafiya, kuma duk tsawon lokacin nan nauyinsa yana janyo shi ƙasa. Kuskuren ƙafa 50 a daƙiƙa cikin lissafin gudu ya isa ya sa harbi ya sauka sama ko ƙasa da inda aka nufa da kusan ƙafa guda.

Da farko na dogara da adadin da aka buga a jikin kwalin harsasai. Daga baya na fahimci cewa masana'anta da bututun bindigar gwajinsu suke aunawa, wanda yawanci inci 24 ne, alhali nawa inci 22 ne, kuma kowane inci da ya ragu yana rage gudu. Sai na sayi wata na'ura irin ta da, wadda ake kafawa 'yan taku kaɗan gaban bindiga, tana gane inuwar harsashi idan ya gifta ta kan idanunta biyu. Kafin in kafa ta sai na jira an tsayar da harbi a filin gaba ɗaya, sannan da zarar gajimare ya rufe rana sai ta fara ba da adadin da hankali ba zai ɗauka ba.

Shi ya sa na koma kan Xero C1 Pro, wadda kamfanin Garmin ya fitar a 2023. Da rada take aiki, irin dabarar da 'yan sanda suke auna gudun mota da ita: tana aika igiyar rediyo, igiyar ta bugi harsashi ta dawo, daga sauyin da aka samu a cikinta sai a lissafa gudun. Tana auna daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a daƙiƙa, girmanta kuma bai wuce a saka ta a aljihun riga ba. Ina ɗora ta a kan ƙananan ƙafafunta uku a gefen bututun, kusan taƙi ɗaya daga bakinsa, in fuskantar da ita wajen abin bara, shi ke nan. Ba ta taɓa jikin bindiga, don haka ba ta sauya inda harsashi yake sauka, wanda shi ne abin da ake tsoro da na'urorin da ake ɗaurewa a bututu.

Amfaninta mafi girma a wurina shi ne yadda sauƙin aiki da ita ya sa nake auna kowane harbi. A da harsashi biyar nake aunawa in rubuta matsakaicinsu, ina ganin na gama. Yanzu da nake tara ashirin zuwa talatin a zama ɗaya, manhajar ShotView tana adana mini su a waya, na ga cewa biyar ɗin nan ruɗi ne, domin tazarar da ke tsakanin harsashi mafi sauri da mafi jinkiri tana ƙara faɗi yayin da adadin yake ƙaruwa. Na kuma ga da idona yadda albarushi yake jin yanayi: harsasan kwali ɗaya, waɗanda na harba da sanyin safiya a watan Janairu, sun fi jinkiri a kan 'yan uwansu da suka sha rana a kan tebur a watan Yuli. Tun daga nan nake rubuta zafin rana kusa da kowane adadi.

Kuɗinta ba kaɗan ba ne, kusan dala 600 aka sa mata lokacin da ta fito, kuma gudun bakin bindiga kaɗai take bayarwa, don haka har yanzu sai na tabbatar da lissafina na inda harsashi zai sauka da harbi na gaske a yadi 600 da 800 kafin in yarda da shi. Ga wanda harbinsa bai wuce yadi 200 ba, ban ga dalilin sayenta ba, amma mai neman farantin yadi 1,000 zai mayar da kuɗinsa daga harsasan da zai daina ɓarnatarwa wajen laluben saiti.