Madubin hangen nesa na kallon namun daji: wanne za a saya wa iyali?

Mazo da gada da gwanki sukan fito ne da sanyin safiya ko bayan la'asar, lokacin da haske ya yi rauni, kuma ba sa bari a matso. Ko a Yankari, in ka cire gwaggon biri da mugun dawa masu yawo cikin sansanin Wikki, dabbobin da ke sauka kogin Gaji da rani daga nesa ake hango su. Don haka madubin da zai yi amfani shi ne mai tara haske, wanda kuma hannun yaro zai iya riƙewa.

Lambobi biyu ake rubutawa a jikinsa. Ta farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ni dai 8x42 nake ba kowa shawara. Raba 42 da 8, za ka samu milimita 5 da ɗoriya, wato faɗin hasken da ke shiga ido, kuma ya isa a rarrabe mazo daga inuwar kurmi dab da magariba. Kusantowa sau 8 ba ta bayyana rawar hannu sosai, ko daga cikin motar kewayen daji. Filin da yake nunawa yana da faɗi, in jan biri ya zabura ba zai ɓace wa yaro ba. Nauyinsa wajen giram 700 ne. A nemi wanda aka toshe shi ruwa ba ya shiga, domin abin da ya hana ruwa shi ke hana ƙurar hunturu.

10x50 ya yi wa yara nauyi. 10x25 na aljihu ya fi aiki da rana tsaka, lokacin da dabbobi ke kwance. In yaran ƙanana ne, 8x32 ya fi musu.

Jabu ne babbar matsala, kuma ya cika kasuwa da shafukan intanet. Ɗan ƙaramin madubi da aka rubuta wa 30x60 ko 80x80 ƙarya ce tsagwaronta: sa ruler ka auna gilashin gaban, ba zai kai abin da aka rubuta ba. Mai jan gilashi da ake cewa yana gani cikin dare shi ma yaudara ce, jan fentin rage haske yake yi. Mai zum kuwa, wato wanda ake iya ƙara ko rage kusantowarsa, kana ƙara kusantowa hoton yana duhu. Sunan Nikon ko Bushnell a kwali ba hujja ba ne, ana buga su a jikin jabu.

Kada ka biya sai ka gwada a waje. Riƙe shi nesa da fuska ka dubi ɗigon hasken da ke gilashin ido. Ya zama da'ira cikakkiya, ba mai kusurwa ba. Sannan ka saita wayar lantarki mai nisa, ka ja shi baya kaɗan daga idonka. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, cikinsa ya goce, zai sa ciwon kai cikin mintuna, gyaransa kuma ya fi kuɗinsa. Na gwanjo a haska shi da fitilar waya ta gaba, a duba fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo. A je da yaron, a lanƙwasa madubin har idanunsa biyu su ga da'ira ɗaya, don wasu ba sa matsewa daidai fuskar yaro.