Biskit ɗin ko-ta-kwana na jiragen ruwa: ko ya dace da gidajen zangon Akra?

Masu sayar da kayan jiragen ruwa a Tema suna da wani abinci da ba a cika ganinsa a kasuwar Nima ko Makola ba, wato biskit ɗin ko-ta-kwana da ake ajiyewa a kwale-kwalen ceto na manyan jirage. Ƙunshin da na saya nauyinsa giram 500 ne, an raba shi sanda tara, sannan aka haɗa su a ledar alminiyam wadda aka zuƙe iskar cikinta har ta lafe a jikinsu. An rubuta a bayansa cewa yana ɗauke da kalori kusan 2,500, kuma zai yi shekara biyar bai lalace ba matuƙar ba a huda ledar ba. Kamfanoni da dama suna yin irinsa, daga ciki akwai Seven Oceans na ƙasar Norwe, da Datrex da Mainstay na Amurka, kuma duk tsarinsu kusan ɗaya ne: garin alkama, da man girki na tsirrai, da sukari, da sinadaran bitamin, an gasa an danne su wuri guda.

Abin da ya sa na ga ya cancanci a duba shi da idon basira shi ne halin da unguwanninmu ke shiga duk damina. Wanda ke zaune a Alajo, ko Adabraka, ko gefen babbar kwatar Nima da ke zuba a kogin Odaw, ya san yadda ruwan Yuni ke shigowa ɗaki cikin dare kafin mutum ya gama tattara yara. Ba mu manta daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. A 2023 kuma, da aka saki ruwan madatsar Akosombo daga tsakiyar Satumba, dubban mutanen Mepe da garuruwan da ke kewaye sun bar gidajensu sun koma makarantu da sansanoni. A irin wannan yanayi ba rashin hatsi ne ke fara damun iyali ba, rashin wuta da busasshen wuri ne. Buhun shinkafa yana nan amma ya jiƙe, gawayi ya sha ruwa, kurfoti yana ƙarƙashin laka, an ɗauke lantarki, mai koko da mai wake da shinkafa na bakin lungu su ma suna can suna kwashe ruwa daga nasu ɗakunan. Hukumar NADMO, mai kula da agajin bala'o'i a Ghana, takan kai agaji, amma kafin motarta ta ratsa hanyoyin da suka cika, kwana ɗaya ko biyu na farko a wuyan mai gida suke. Wannan giɓin ne biskit ɗin zai iya cikewa, kuma a ganina iyakar aikinsa ke nan.

An tsara shi ne domin mutumin da ke zaune a kwale-kwale a tsakiyar teku, ba shi da murhu kuma ruwan shansa a ƙidaye yake. Dokar kare rayuka a teku ta duniya, wadda ake kira SOLAS, ta wajabta a tanadar wa kowane mutum abincin da bai gaza kilojul 10,000 ba, wato kalori kusan 2,400. Shi ya sa aka rage masa gishiri, aka kuma rage sinadarin gina jiki, domin jiki yana buƙatar ruwa mai yawa kafin ƙoda ta fitar da dattin da irin wannan sinadari ke bari. Gari da mai da sukari ne suka fi yawa, su ke ba da ƙarfi ba tare da sun tayar da ƙishirwa sosai ba. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana nuna cewa ba abincin da za a rayu a kansa na makonni ba ne.

Idan aka yaga ledar ana jin iska ta shiga, sai ƙamshin gasasshen gari da mai ya taso. Sandar tana da nauyi a hannu fiye da yadda girmanta ya nuna, kuma da an gatsa sai ta ruguje ta zama gari a baki, ɗanɗanonta ya yi kusa da na gireba, sai dai zaƙin bai kai ba kuma maiƙon yana daɗewa a dasashi. Yaran gidanmu sun ci ba tare da an lallashe su ba, wanda babban abu ne, domin yaron da ya firgita ba ya karɓar baƙon abinci da sauƙi. Gwaggona, wadda haƙoranta suka yi rauni, ta ɗanɗana ta ajiye, ta ce: "Ɗana, wannan ai sai an jiƙa shi." Da aka marmasa mata shi a kofi aka zuba ruwa, ya narke ya zama kamar kunu mai kauri, ta shanye. Tun daga nan na fi ganin amfaninsa ga tsofaffi da ƙananan yara a wannan siga. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nonon uwa ne abincinsa, ba a ba shi wannan.

Maganar da ake yawan yi a talla cewa ba ya sa ƙishirwa tana buƙatar gyara. Gaskiya ne bai kai ƙuliƙuli ko kifin gwangwani jawo ƙishi ba, amma busasshen gari ne, ba ya wucewa a maƙogwaro sai da ruwa. Duk wanda ya sayi biskit ɗin bai ajiye ruwa ba, rabin shiri ya yi, kuma rabin da ya bari shi ne mafi muhimmanci. Bayan ambaliya ruwan kwata yana haɗuwa da na rijiya da bututun da ya fashe, ta nan ne amai da gudawa ke shigowa, kuma mutanen Akra sun ga abin da kwalara ta yi a 2014. Ma'aunin masu aikin agaji shi ne lita biyu da rabi zuwa uku ga kowane mutum a rana domin sha da abinci kawai. Jakar fiya wata mai ƙulli 30 lita 15 ce, wato da ƙyar za ta ishi mutum biyar na yini ɗaya.

Akwai kuma lissafin da ya kamata mai saye ya yi da kansa. Wasu ƙunshin an rubuta musu kalori 3,600, ana tallarsu a matsayin abincin kwana uku, ma'ana kalori 1,200 a rana. Hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa 2,100 suke ƙiyasta wa mutum a rana. Wanda ke zaune a kwale-kwale ba ya motsi zai iya jure 1,200, amma magidancin da ya wuni yana kwashe laka da bokiti, yana ɗaga katifu zuwa saman rufi, ko mace mai shayarwa, wannan ba zai riƙe su ba. A gidan mutum takwas, idan za a ba kowa cikakken rabo na kwana uku, ana maganar ƙunshi kusan 20 irin nawa, kilo 10 ke nan, kuma gidaje kaɗan ne a zango za su iya wannan.

A nan ne babban rauninsa yake, wato tsada. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma kuɗin ƙunshi ɗaya zai sayi garin rogo da sukari da gyaɗa da za su ciyar da mutane da yawa fiye da haka. Garin rogo ma ba ya buƙatar wuta, kowa ya san daɗinsa, kuma ya fi cika ciki. Inda biskit ɗin ya fi shi shi ne a juriya: gari yana shan danshi ya yi fumfuna, gyaɗa tana yin ɗaci, dabino yana kama ƙwari, kuma abin da ya fi faruwa shi ne a cinye su a ƙarshen wata kafin ranar buƙata ta zo. Shi kuwa ana iya mantawa da shi shekaru, ko ruwa ya taɓa ledarsa cikinsa a bushe yake, kuma ƙunshi biyu suna shiga jakar goyo tare da takardun gida idan ta kama a fita da gaggawa. Shawarata ita ce a sayi kaɗan domin yara da tsofaffi da marasa lafiya, sauran tanadin a yi shi da gari da gyaɗa da kifin gwangwani waɗanda ake ci ana sabuntawa.

Wajen saye, abu na farko da za a duba shi ne ranar da aka yi shi da ranar ƙarewarsa. Jiragen ruwa suna sauya nasu idan wa'adi ya kusa, don haka idan aka ga farashi ya faɗi ƙwarai, a karanta kwanan watan da kyau. A matsa ledar da yatsa: mai kyau tana da tauri, ta manne a jikin sandunan, wadda ta saki ko ta kumbura iska ta riga ta shige ta. A karanta jerin kayan haɗin domin a tabbatar man tsirrai ne ba kitsen dabba ba, a nemi shaidar halal, a kuma tambayi mai shago ko hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ta yi masa rajista. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita kafin ya dogara da shi, haka ma wanda alkama ko waken suya ba sa karɓar jikinsa.

Ajiyarsa ba ta da wuya, domin an yi shi ne ya jure zafin kwale-kwale, zafin ɗakin kwano ba zai dame shi ba. Ɓera ne abokin gabansa, yana huda ledar cikin dare ɗaya, kuma da zarar an buɗe ƙunshi danshin Akra da tururuwa ba sa jinkiri, sai a cinye shi cikin 'yan kwanaki. A sa shi a bokiti mai murfi tare da tocila da ashana da magungunan da mutanen gida ke sha kullum, a ɗora bokitin a saman kabad inda ruwa bai taɓa kaiwa ba, a rubuta ranar ƙarewar a jikin murfin, sannan a riƙa dubawa duk watan Maris kafin ruwan farko ya sauka.