Shagon gilashi ko asibitin ido?

Jama'a a Kaduna da ido ya fara dishi-dishi sai a ruga shagon gilashi. Eh akwai sauƙi, a sa ka karanta haruffan jikin bango, a gwada maka gilashi, shikenan. In matsalar karatu ce kawai ba laifi.

Amma asibitin ido na ƙasa da ke Mando daban ne, can akwai likitocin da ke tiyatar yanar ido, suna auna hawan jinin ido, su ɗiga magani su leƙa can ciki, kuma shi hawan jinin idon nan a ɓoye yake cin gani, abin da ya tafi baya dawowa. Sai dai ka yi sammako ka yanki kati.

Mai ciwon suga ko wanda ya haura 40, don Allah ya fara da asibiti.