Siminti ko makuba: amsa ga mai son gyara gidan kakansa

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama. Ka ce kakanku ya bar muku gida a ƙauye, ginin tubali, zaure ɗaya da soraye uku, rufin azara. Bangon gabas ya fara zubewa, soron tsakiya kuma yana yoyo. Yayyenka sun ce a shafe shi da siminti ciki da waje, a buga kwano, a sa tayil, kowa ya huta. Kai kuwa ranka yana wajen a nemo maginan gargajiya su maido shi yadda yake. Kana son sanin wanne ya fi. Ni na gwada duka biyun a gida ɗaya, na farko don gaggawa, na biyu don dole, saboda haka bari in jera maka su gefe da gefe.

Mu fara da jikin bango, don a nan ne maganar take da nauyi. Bangon ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa. Damina ta jiƙa shi ya ɗan kumbura, rana ta fito ya bushe ya koma, haka yake yi tun ranar da aka ɗora tubalin farko. Siminti ba ya wannan motsin, kuma ba ya kama ƙasa da kyau, shi ya sa za ka ga birkila yana kafa ƙusoshi ko yana shimfiɗa ragar waya kafin ya watsa filasta. Shekarar farko abin gwanin sha'awa. Daga nan sai tsaga ta fito, siririya kamar gashi, yawanci daga saman bango ko gefen indararo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma haka. In ya shiga kuwa ba shi da hanyar fita, domin fuskar da zai bushe ta cikinta an toshe ta. Yana nan a ciki yana mai da tubali laka, alhali daga waje gida fes.

A gidanmu damina uku aka yi kafin in gane. Wata safiya na jingina da bangon zaure, na ƙwanƙwasa shi da makullin mota, sai na ji yana amsawa kamar ganga. Na sa aka ɗan taɓa wurin da diga, sai falle guda ya ɓallo, faɗinsa ya kai na tabarmar salla. Bayansa ƙasa jiƙe sharkaf, tana warin rumbun da ya daɗe a rufe, ga hanyoyin gara sun yi ta kai-komo har zuwa kan azara. Kaurin bangon ya ragu da kusan taƙi ɗaya. Birkilan da ya yi aikin bai cuce ni da gangan ba, abin da na ce ya yi shi ya yi.

Yaɓen ƙasa da makuba kuwa ciwonsa a fili yake. Ruwa ya zaizaye shi, kana gani, ka kwaɓa ka mayar. Makuba ɓawon ɗorowa ce da ake dakawa a jiƙa, ruwanta ja-ja shi ke sa yaɓe ya yi tauri ya riƙa ture ruwa ba tare da ya toshe bangon ba. Laso ya fi ta ƙarfi da jimawa: katsi ne na karofi, wato dattin da ke kwanta a gindin rijiyar rini, a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin da majema ke cirewa daga fata da ruwan dafara, wani tsiro mai yauƙi. Da shi ake shafe saman soro da zankwaye, wuraren da ruwa ya fi duka. Matsalarsa yanzu samun kayan, tunda marinu sun ragu ƙwarai. Sai ka yi tattaki zuwa irin su Ƙofar Mata a Kano kafin ka ji inda ake samun katsi. Aibin hanyar ƙasa ke nan, kuma ba zan ɓoye maka ba: ba a yin ta sau ɗaya a gama. A namu bangon gabas, wanda hadarin farkon damina ke fara duka, bayan damina biyu sai an sake bi. Na yamma yakan kai huɗu ban taɓa shi ba.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne muka sha wannan. A yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila akwai dubban gidajen ƙauye na ƙasa da ciyawa, wasu sun haura shekara 300, kuma da yawa sun lalace ne bayan an shafe su da siminti. Akwai ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da wani Bature mai suna William Morris ya kafa a Ingila a 1877, har yau shawararta ita ce tsohon bango a yi masa shafe mai barin danshi ya fita. Mutanen Devon suna cewa gidan ƙasa hula mai kyau da takalmi mai kyau yake so, wato rufi da gindi. Maginanmu ma in ka zauna da su abin da za su gaya maka ke nan da nasu bakin.

To mu hau kan hular. A nan ban tsaya wa azara kai da fata ba. Azara giginya ce da aka tsaga, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita biyu, shi ya sa magina suke jera ta hawa-hawa daga kusurwa, ko su yi bakan gizo, wato lanƙwasasshen gini mai tallafe rufi, in ɗakin yana da faɗi. Rufin soro yana da sanyi da rana, ba ya ƙara in ana ruwa, kuma shi ne kyan gidan. Sai dai yana son ido. Ciyawa ta tsiro a kai, ko ganye ya toshe indararo, ruwa ya kwanta dare ɗaya a watan Agusta, nauyi ya ninka, bakin azarar da ke cikin bango ya ruɓe. Rufin da ke faɗo wa mutane cikin dare galibi irin wannan ne, wanda aka yi shekaru ba a hau kansa ba. Kwano ba ruwansa da wannan, amma a watan Afrilu ɗakin kwano tanderu ne, kuma bangon ƙasa ba ya riƙe katako da ƙusa yadda bulo ke riƙewa. Ka lura da gidajen da aka jera wa duwatsu a kan kwano, tsoron iskar farkon damina ne.

Akwai hanya ta uku, ita nake ba wanda ba mazaunin gida ba shawara. A bar soron da azararsa, a gyara yoyon, sannan a kafa ginshiƙai daban a ɗora kwano a sama, a bar tazara iska tana ratsawa, bakin kwanon ya zarce bango sosai. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. Abin da aka yi wa tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya yi kama da haka, duk da girman ba ɗaya ba. Babban Gwani Mika'ilu ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma a shekarun 1970 aka gina sabon masallaci ya lulluɓe shi, bakan gizonsa suna nan a ciki. An rasa fuskarsa ta waje, wannan gaskiya ne, kuma duk mai son gini yana jin zafin haka. Kai ma za ka rasa ganin zankwaye daga nesa in ka bi wannan hanyar. Ka auna da kanka.

Wajen takalmi kuwa yayyenka sun fi ka gaskiya. Gindin bango, dakali, magudanar ruwa, banɗaki, wurin wanke-wanke, duk a ba siminti da dutse. Yawancin gidajen ƙasa daga ƙasa suke mutuwa: ruwan indararo ya faɗo ya fantsama, ya yi ta cin gindi har bango ya zama kamar an sassaƙe shi. Ka duba kuma ko lungu ya fi tsakar gida tudu yanzu, domin shara da ƙasa suna ɗaga hanya a hankali, gidan da kakanka ya gina a kan tudu ya koma kwari. A yi dakali mai gangara zuwa waje, a kai ruwa nesa, a sa dutse inda indararo ke zuba. Kada dai a bar simintin ya hau jikin bango, kuma duk shekara ka duba inda ya haɗu da ƙasa. Banɗaki ma a gina shi da bulo, a ware, kada ya jingina da tsohon gini.

Sai cikin ɗaki, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tayil yana da sauƙin shara, daɓe kuwa yana son kulawa, yana ƙura in ya tsufa. Amma tayil da leda suna danne danshin da ke tasowa daga ƙasa, shi kuma sai ya nemi hanya ta gefe ya hau bango. Wannan farin gishirin da kake gani yana fitowa a gindin bango yana marmashe shi, daga nan yake. In iyali sun ƙi daɓe, jan bulo da aka gasa, a shimfiɗa shi a kan yashi, ya fi tayil zama lafiya da ginin. Fenti mai mai da farar ƙasa ma haka suke: fentin yana yin fata, ya kumbura ya ɓare, farar ƙasa kuwa tana gogewa a riga, amma araha ce kuma bango yana shaƙar iska ta cikinta. Silin na POP shi ne ban yarda da shi ba ko kaɗan a soro. Ka rufe azara, ka rufe wurin da yoyo da gara za su fara nuna kansu, kuma ka ɓoye abin da baƙo zai ɗaga kai ya kalla. A soron kakata akwai wata tasa da aka manna a tsakiyar rufi inda bakuna suka haɗu, da fitila ta haska sai ta yi ƙyalli. Da na bi ta masu silin da yanzu babu wanda ya san tana nan.

Wayar lantarki a bi da ita a fili cikin bututu, kada a tsaga bango. Alkuki a bar shi, ko fitilar sola ce ta samu wurin zama. In akwai zanen dagi a bakin zaure ko ado a saman ƙofa, ka ɗauki hotonsa daga kowane gefe da ma'auni a jiki kafin kowa ya kawo cebur kusa, domin leburan da ke kankare tsohon yaɓe bai san wanne ne ado wanne ne ƙuraje ba. Manyan kujerun kushin na birni kuma ba za su shiga ta ƙofar soro ba sai an fasa ta. Darduma, tumtum biyu, gado, da jeren kwanukan tsohuwa in suna nan, sun ishi ɗakin.

Batun kuɗi gajere ne. Siminti kuɗi ne mai yawa a dunƙule, sai kuma wani mai yawan in ya ɓalle. Ƙasa kuɗi ne kaɗan-kaɗan da ba ya ƙarewa, kuma mafi yawansa ladan hannu ne. Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne gwani. Ka tambayi Sarkin Magina na yankinku, ka je ka ga aikin mutum da ya kwana damina uku kafin ka ba shi naka. Ka sa ya yi gwaji a jikin bangon gabas, kwaɓi uku daban-daban kowanne faɗin mita ɗaya, in sun bushe ka yi ta watsa musu ruwa da buta ka ga wanda ya tsaya. Ƙasar ma a bar ta ta kwana kwanaki a jiƙe da ciyawarta ana tattakawa, kwaɓin safe a yaɓa da rana tsagewa yake yi. Aikin kuma na rani ne, bayan an gama kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ban ji ka faɗa ba, kuma shi zai raba gardamar, shi ne wa zai kwana a gidan. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye tun gyaran da aka yi mata a 1844, kuma itatuwan da ke fitowa daga jikinta matakala ce ta masu yaɓe. A Djenne ta ƙasar Mali gari guda ke fitowa duk shekara a yaɓe babban masallaci. Ƙasar can ba ta fi ta ƙauyenku ba, hannu ne ba ya ɗaukewa daga kanta. In akwai ɗan'uwa da zai zauna, ko malamin makarantar garin da za ku ba ɗaki ɗaya da sharaɗin ya riƙa hawa rufi kafin ruwan farko, ka bi hanyar ƙasa har sama. In gidan na zuwa Sallah ne kawai, ka ɗora masa kwano a sama kamar yadda na ce. A duka biyun dai jikin bango ba na siminti ba ne.

Yayyenka kuma kada ka ja da su a kan komai, gidan gado ne, kowa yana da baki a ciki. Ka sakar musu banɗaki da tayil ɗinsa, da sola, da dakalin ƙofar gida, kai ka riƙe soraye da zaure. Kafin ku zauna, ka aika yaro ya hau ya share indararon nan cikin makon nan, ya cire ciyawar rufi da saiwarta. Ka turo mini hoton gindin bangon gabas da na bakin azarar soron tsakiya inda ta shiga bango, ka soka wuƙa a jikin itacen ka gaya mini ko ta nutse.