Sharhi: yawon faɗuwar rana cikin jirgin dau a Zanzibar

Idan Allah ya kai ka tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, yawon yamma cikin dau, wato jirgin ruwa na katako da iska ke tura ƙyallensa, ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi guda: a kashe inji, a bar iska ta ja jirgin. Jirgin da zai yi ta ruri da inji tun daga tashi har dawowa, ƙyallensa a naɗe, bai ba ka abin da ka biya ba. Gara ka zauna a bakin teku ka kalli rana kyauta. Namu jirgin ya cika wannan sharaɗi, ya kuma gaza a wasu wurare, zan faɗi duka.

Ni da maiɗakina muka je, a watan Agusta, muka sauka a tsohon garin da ake kira Stone Town. Wurin sauka yana da muhimmanci ga wannan yawo fiye da yadda masu talla suke faɗa. Otal-otal da yawa suna gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, kuma can fitowar rana ake gani, faɗuwarta tana bayan ƙasa. Mai son ganin rana ta nitse cikin ruwa sai ya nemi yamma ko arewa: Stone Town, ko Kendwa, ko Nungwi inda har yau ake sassaƙa irin waɗannan jirage da hannu a bakin yashi. Wanda ya sauka a gabas, ya sa kuɗin motar zuwa da dawowa cikin lissafinsa, domin tafiyar ta fi awa guda.

Wajen ciniki ba mu bi ta hannun 'yan kamasho da ke tare mutum a lambun Forodhani na bakin teku ba. Mai masaukinmu ne ya haɗa mu da wani ƙaramin kamfani, muka biya dala 35 kowane mutum, da alkawarin awa biyu a kan ruwa, da abin taɓawa, da masu kiɗan gargajiyar Zanzibar da ake kira taarab. Tambaya uku na yi kafin na miƙa kuɗi: mutum nawa za a ɗauka, za a sha giya a ciki, kuma akwai rigar kariya daga nitsewa? Ta biyun ba ƙaramar tambaya ba ce. Kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne, amma harkar yawon buɗe ido harka ce ta baƙi, kuma wasu jiragen, musamman na Kendwa da Nungwi, gidan rawa ne a kan ruwa, da lasifika da kwalabe. Mun ga irinsu sun wuce mu da ihu. Idan da iyalinka kake, ka tambaya tun kana ƙasa, don tsakiyar teku ba wurin sauka ba ne. Namu ruwan rake da lemo da gahawa kawai aka ɗauko.

An ce mu hallara ƙarfe 4:30, jirgi bai tashi ba sai da 5 ta gota, saboda ana jiran wasu baƙi daga wani otal. Wannan jinkiri ya ci mana kusan rabin awa daga cikin biyun da muka saya, ba wanda ya ba da haƙuri, ba a kuma ƙara mana a ƙarshe ba. Shiga jirgin ma sai da dabara. Babu gada, jirgin yana tsaye cikin ruwa, sai ka tuɓe takalmi ka naɗe wando ka taka ruwa har gwiwa, sannan ka hau wani ɗan tsani na ƙarfe mai lilo. Maiɗakina da abayarta ta sha wahala a nan. Wani saurayi cikin ma'aikatan ya miƙo hannu, ya lura ba za ta kama ba, nan take ya janye ya riƙe tsanin da ƙarfi ya kawar da kai, ni na tallafe ta. Wannan ladabi nasa ya burge ni ƙwarai.

Jirgin katako ne zalla, tsawonsa bai wuce taku goma sha biyar ba, an shimfiɗa tabarmi da matasai a ciki. Warin man kifi da gishiri da tsohuwar igiya yana tashi daga katakon. Mu goma ne baƙi, ma'aikata huɗu. Matuƙin, wanda suke kira nahodha, dattijo ne baƙi siriri da hula da zane ɗaure a ƙugu, ba ya yawan magana. Na yi masa sallama ya amsa cikakkiya, daga nan muka zama 'yan uwa ko da yake ba mai jin yaren wani.

Da inji muka fita daga cikin cunkoson jiragen da ke tashar. Ƙaramin inji ne na baya, mai hayaƙi da ƙara, har na fara tunanin haka za a ƙare. Sai dattijon ya yi wata 'yar tsawa, samari uku suka miƙe. Ƙyallen jirgin, tanga a bakinsu, mai kusurwa uku ne, an ɗaure shi a jikin wata doguwar sanda wadda ta fi jirgin kansa tsawo, an haɗa ta da itace biyu ko uku da igiya. Samarin suka kama igiya ɗaya, suna ja suna waƙa, ɗaya ya ba da baiti sauran su amsa, kowace amsa da jan igiya. Ƙafafunsu ba takalmi, yatsu sun kama katako. Sandar tana hawa tana kuka a jikin ginshiƙin, ƙyallen yana karkaɗawa, duk faci ne a jikinsa, wani fari wani ruwan ƙasa. Can sai ya cika da iska, ya yi wani bum, jirgin ya ɗan kishingiɗa gefe guda. Dattijon ya miƙa hannu baya ya kashe inji.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da na biya kuɗi dominsa. Ba ka jin komai sai ruwa yana tsagewa a ƙirjin jirgi da kukan igiya. Baƙin da ke ta surutu duk suka yi tsit ba wanda ya ce su yi. Ni mutumin tudu ne, na saba da cewa tafiya sai da mai ko da ƙarfin dabba, ga shi muna gudu, mutum goma sha huɗu da katako mai nauyi, ba abin da ake ƙonawa. Maiɗakina ta matso ta ce, "Malam, ashe haka iska take aiki?" Na ce, "Hajiya, ikon Allah ke nan."

Saurayin da ya riƙe tsani yana jin Turanci, shi ya yi mana bayanin iskar. Iri biyu ce take mulkin wannan teku. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, suna ce mata kaskazi. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba sai ta juya ta taso daga kudu, ita ce kusi, wadda muka tarar. Da ta farko jiragen Oman da Indiya suke gangarowa da dabino da yadi, su jira ta juya, ta biyun ta mayar da su gida da kanumfari da hauren giwa, da kuma bayi, har zuwa 1873 da aka rufe kasuwar bayi ta garin. Duk arzikin da ya sa Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya baro Maskat ya dawo da fadarsa nan, a kan irin wannan ƙyalle ya zo. Jin wannan bayani kana zaune ƙarƙashin ƙyallen, iskar tana dukan fuskarka, ya fi karanta shi a allon gidan tarihi nesa ba kusa ba.

Daga kan ruwa ne garin yake nuna fuskarsa ta gaskiya, domin don masu zuwa ta teku aka gina shi. A cikin lunguna ba ka ganin komai sai bango da ƙofofi masu ƙusoshin tagulla, amma daga nan ga shi a jere: tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina, fadar sarakuna, hasumiyoyi biyu na cocin Katolika, da Beit al-Ajaib wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, mun same shi a lulluɓe ana gyara, abin ya sosa mini rai. Saurayin ya nuna ruwan da muke kai ya ce a nan jiragen yaƙin Ingila suka tsaya ranar 27 ga Agusta 1896 suka yi wa fadar ruwan wuta, yaƙin da bai kai awa guda ba aka gama. Can gefe kuma ga tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles.

Juya jirgin ma abin kallo ne. Irin wannan ƙyalle ba ya sauya gefe da sauƙi. Sai an sassauta igiya, a miƙar da doguwar sandar tsaye, a zagaya da ita ta gaban ginshiƙi, wani yaro ya ruga da bakin igiyar ya kewaya ya ɗaure a ɗaya gefen. Aka ce mu sunkuya, muka sunkuya. Cikin abin da bai kai minti biyu ba an gama, dattijon ko tashi bai yi ba, sandar tuƙi tana ƙarƙashin hammatarsa.

Abin taɓawa ba laifi, ba kuma abin a zo a gani ba. Abarba da kankana da mangwaro, sambusa da ta huce, soyayyen rogo da barkono, sai ruwan rake da aka matse da citta da lemon tsami, wanda shi kam na nemi ƙari. Gahawar baƙa ce mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna, da alewar kwakwa da suke kira kashata. Kada ka zo da yunwa da niyyar cin abincin dare. Masu kiɗan taarab da aka yi mana alkawari kuwa ba mu gan su ba. Da na tambaya sai aka ce sai jirgi ya cika mutum ashirin ake ɗauko su, maganar da ba a faɗa mana ba lokacin karɓar kuɗi. Ban yi baƙin cikin rashin kiɗan ba, shirun ya fi mini, amma alkawari alkawari ne, kuma na gaya wa mai kamfanin haka washegari.

Abin da ya fi damuna shi ne rigunan kariya. Akwai su, amma an cusa su ƙarƙashin katakon gaba, an ɗora igiya da jarka a kai, ba wanda ya nuna mana inda suke sai da na matsa. Da aka zaro su, biyu igiyar ɗaurinsu ta tsinke, kuma babu ta yara ko ɗaya, alhali akwai wata yarinya 'yar shekara kamar shida a cikinmu. Wannan tsibiri ya san ɗacin teku. A Satumbar 2011 jirgin fasinja Spice Islander ya nitse a hanyar tsibirin Pemba, a shekarar da ta biyo baya wani ya sake nitsewa, an yi asarar rayuka masu yawa. Ruwan gaban Stone Town kwantacce ne, gaskiya, ko jiri ba mu ji ba, amma yawancinmu 'yan Arewa ba mu iya ruwa ba. Ka ce a nuna maka rigar, ka duba ta da hannunka, ka ajiye ta kusa da kai kafin jirgi ya motsa.

Ita rana ba ta ɓata lokaci a nan. Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, don haka duk shekara tsakanin 6 da kwata da 7 saura kwata take faɗuwa, kuma almuru gajere ne. Ta yi ja kamar garwashi, ta taɓa ruwa, kafin ka gama gyara waya rabinta ya tafi. Jiragen masunta suna fita kamun dare a daidai lokacin, ƙyallayensu baƙi ƙirin a gaban jan sama, ƙananan kwalekwale masu fiffike biyu suna bin su. Shawarata ka ɗauki hoto biyu ka ajiye wayar. Na ga wata baiwar Allah da ta kalli abin gaba ɗaya ta gilashin waya, ta juya wa rana baya tana ɗaukar kanta.

Sai kiran sallar magariba ya taso daga garin, masallaci bayan masallaci, yana biyo ruwa har inda muke. Dattijon ya miƙa wa yaronsa sandar tuƙi, ya jefa guga ya ɗebo ruwan teku ya yi alwala, wanda ya halatta kamar yadda hadisi ya tabbatar. Ya yi mini alama da ido, na bi shi. Na juya gabas bisa sabo, ya kama kafaɗata a hankali ya juya ni. Alƙiblar Zanzibar arewa take, Makka tana sama da su kusan kai tsaye, don haka jan sararin da rana ta bari yana hannun hagunmu muka yi salla a ɗan filin bayan jirgi, muna gyara tsayuwa duk lokacin da ya yi lilo. Wurin mutum biyu ne kawai. Maiɗakina ta jira sai da muka sauka, lokaci bai fita ba, masallatai kuma suna nan kusa da bakin ruwa. Mai niyyar wannan yawo ya fito da alwalarsa, don babu makewayi a jirgin.

Da inji muka koma, cikin duhu, iska ta yi sanyi sosai. A watannin kusi a riƙo rigar sanyi mara nauyi ko mayafi mai kauri. Ruwa ya ƙaru kafin mu dawo, saukar ta fi hawan jiƙa mutum, fitila kuma ta waya ce kawai. Na ba ma'aikatan na goro a hannun dattijon, domin na lura kuɗin da muka biya a ofis ba lallai ne ya kai ga masu jan igiya yadda ya kamata ba. Daga nan taku kaɗan ne zuwa lambun Forodhani, inda ake gasa tsire da kifi da dare, a nan muka ci abincin kirki.

Ga ma'aurata da abokai, ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba, in dai an yi waɗancan tambayoyi an ƙara da ta ƙyalle. Masu iyali babba, su shida ko takwas, gara su yi cinikin jirgi sukutum nasu, su zaɓi lokacin tashi da kansu, su ce ba sa son lasifika. Dattawa masu ciwon gwiwa da mata masu juna biyu kuwa, a tambaya ko jirgin zai iya ɗaukarsu daga kan gada, domin wannan tsani mai lilo ba na kowa ba ne.