Kwana biyar a motar kwana a Fort Wilderness: abin da na gani da abin da zan sake

Hajiya ce ta fara leƙa cikin motar a ƙofar gidanmu a Atlanta. Ta ga gado a saman kan direba, ta ga murhun gas, ta buɗe wata 'yar ƙofa ta ga masai, sai ta juyo ta ce da ni, "Kai, yanzu da gidanka da komai, a cikin wannan za ka kwanar da mu?" Na ce mata kwana biyar ne kawai, Hajiya. Ta ce Allah ya kai mu lafiya, da irin muryar da ke nufin za mu gani.

Mu shida ne: ni, maman yara, yara uku da mahaifiyata Hajiya da ta zo mana daga Kano. Motar haya na ɗauko, irin wadda Amurkawa ke kira RV, mai tsawon ƙafa 30, kuma lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa a tuƙa ta. Inda muka nufa shi ne Fort Wilderness, sansanin da ke cikin katafaren filin shaƙatawa na Walt Disney World kusa da Olando a jihar Filorida. Daga Atlanta tafiyar ta haura kilomita 700 ta babbar hanyar I-75, kuma da irin wannan mota yini guda ce cur, don ba ta gudu, iska na ture ta duk lokacin da tirela ta wuce, ga shan mai ba kunya.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sa a ransa shi ne girman wurin. An buɗe shi a watan Nuwamba na 1971, 'yan makonni bayan buɗe Magic Kingdom, wurin wasa na farko a filin, kuma yana zaune a kan eka wajen 750 na daji mai dogayen itatuwa, a bakin tafkin Bay Lake. Wuraren ajiye motocin kwana da kafa tanti sun kai wajen 800, an raba su unguwa-unguwa, kowace unguwa hanya ce da ta zagaya ta dawo, da lambarta: 100, 200, 300, haka har sama da 2,000. Ni da na kama wuri ban damu da wannan lamba ba. Na duba wanda ya fi sauƙin kuɗi cikin masu ruwa da wuta da bututun masai, na biya, na rufe kwamfuta. Sai da muka isa na gane lambar nan ita ce rabin tafiyar.

Ga yadda wurin yake. Daga ƙofar shiga akwai Outpost, inda ake rajista, kuma daga nan motocin bas ke tashi zuwa sauran wuraren wasan, wato Epcot da Hollywood Studios da Animal Kingdom. A tsakiya akwai Meadow, mai babban wurin ninƙaya da kanti. Can ƙarshe a bakin tafki akwai Settlement, inda jirgin ruwa ke ɗaukar mutane zuwa Magic Kingdom. Tsakanin ƙofa da bakin tafki tafiya ce mai nisa, ba ta mai goyo ko tsohuwa mai ciwon gwiwa ba. Akwai bas na cikin gida da ke zagayawa kyauta, amma ba a ajiye motar hawa a Settlement, don haka ko da ka jawo ƙaramar mota a baya ba za ta kai ka bakin jirgi ba. Unguwannin 100 zuwa 300 su ne kusa da tafki, kuma sun fi irin wurin da na kama tsada. Mu muka faɗa can tsakiyar daji, wuri mai inuwa da shiru, amma kowace fita sai an shirya mata kamar za a je ƙauye.

A rana ta biyu na sallama, na yi hayar 'yar motar lantarki irin ta filin golf. Ita ce adaidaita sahun wurin. Kusan kowa da ita yake yawo, wasu har sun yi wa tasu ado da fitilu. Da dare a jona ta a soket ɗin da ke jikin turken wutar wurinka, da safe ta cika. Sa'a na ci na samu, don ana kama su tun kafin a zo, kuma ba a ba yaro tuƙi, sai mai lasisi. Hajiya da ta ƙi fita ranar farko, da ta hau wannan ba ta sake zaman ɗaki ba. Kullum bayan la'asar sai ta ce, "Baban yara, zo ka zaga da ni in ga barewa." Akwai su kuwa, da talotalon daji da ke tsallake hanya ba su kula kowa ba. In da zan ba da shawara ɗaya kan kuɗi, ita ce: ko dai ka biya wurin da ke kusa da tafki, ko ka biya motar lantarkin. Ɗaya daga ciki dole ne in kana da tsoho ko ƙananan yara. Masu matasa, kekuna sun ishe su.

Yanzu ga abin da babu wanda ya zauna ya koya mini, wato masai. Motar kwana tana da tankuna biyu na ruwan datti a ƙarƙashinta: ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bayan gida. Kowane da bawul ɗinsa, wato abin buɗe shi da rufe shi, kuma tiyo ɗaya mai kauri ke kwashe su zuwa ramin da ke ƙasa a wurinka. Da na jona tiyon, a tunanina sai in buɗe duka biyun in bar su, komai ya wuce kamar na gida. Wani dattijo Ba'amurke da ke maƙwabtaka da mu, yana zaune a kujerarsa yana kallona tun ina fama da ribas, ya taso ya rufe bawul ɗin bayan gidan da hannunsa. Ya ce in ka bar shi a buɗe, ruwan ne kawai zai tsiyaye, sauran ya taru ya daskare a ciki, ranar tafiya ka ga ta kanka. A bar shi a rufe sai ya kusa cika, sannan a buɗe shi a tashi ɗaya ruwan ya kwashe komai da ƙarfinsa, a rufe, sai a saki na wanka ya ɗauraye tiyon. Wannan tsari ne: na masai tukuna, na wanka daga baya. Safar hannu ta roba kuma kada ta rabu da kai.

A nan butarmu ta yi mana rana. Abin da ya fi toshe irin wannan tanki shi ne takarda da ƙarancin ruwa, mu kuwa ruwa muke amfani da shi, don haka ba mu taɓa samun toshewa ba. Illa dai tankin yana saurin cika, mutum shida da buta, duk bayan kwana biyu sai na juye. Alwala a 'yar kwatarniyar wanke hannun motar wahala ce, ƙafa ba ta kaiwa sai ka jiƙa ko'ina. Muka koma yi a waje da buta a bakin famfo, ko a ɗakunan wankan jama'a da ke kusa da kowace unguwa. Waɗannan na yaba musu ƙwarai: akwai sanyin na'ura, ruwan zafi, injin wanki, kuma duk lokacin da na shiga a tsabtace nake samu. Daga rana ta biyu duk manyanmu can muke wanka, muka bar na mota ga yara da fitar dare. Alƙibla daga Olando arewa maso gabas ce, muka shimfiɗa darduma a kan simintin da motar ke tsaye, babu wanda ya tsaya kallonmu.

Kamfanin da na yi hayar motar a wurinsa bai kyauta mini ba a abu biyu. Tiyon masan da suka sa gajere ne, sai da na sake matsar da motar sau biyu kafin ya kai rami. Na'urar da ke nuna cikar tanki kuma ƙarya take yi, kullum tana cewa ya cika ko yanzu na juye. Shawarata ga mai ɗaukar haya, ya buɗe akwatin kayan a gaban ma'aikatan kamfanin kafin ya bar harabar: tiyon ruwan sha, tiyon masai da tsawonsa, igiyar wuta, da katakon daidaita tayoyi. Ya tambayi ko wutar motar mai ƙarfin amfiya 30 ce ko 50, don kan igiyar ya bambanta. Ya tambayi kuɗin kowane mil da ya wuce ƙa'ida, da kuɗin da za su caje shi in ya dawo da tanki ba a juye ba. Ya kuma rubuta tsayin motar a takarda ya manna a gaban sitiyari, don ranar da zai shiga gidan mai ko ƙarƙashin gada ba lokacin tuno lamba ba ne. Wanda tuƙin ke ba shi tsoro ma yana da mafita: akwai kamfanoni a yankin Olando da ke kawo tirelar kwana har wurinka, su jona komai, ranar tafiya su zo su ɗauke. Da na san da wannan tun farko, da wataƙila da motata na je.

Kuskure mafi tsada nawa ne ni kaɗai. A watan Yuni muka je, lokacin da Filorida ke zafi mai ɗanɗano da gumi, kuma kusan kowace rana bayan azahar hadari ya haɗo, a yi tsawa, a zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya rana ta fito. Motar tana da rumfar tampol da ake warewa daga gefe. Na bar ta a ware muka tafi Magic Kingdom. Muna dawowa na tarar ruwa ya taru a kanta kamar tafki, ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe. Kuɗin ajiyata ne ya biya. Tun daga ranar, ko kanti zan je sai na naɗe ta. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne a wannan yanki, mai zaɓi ya fi kyau ya je tsakanin Nuwamba da Maris, sai dai lokacin ne kowa ke so. Ana buɗe kama wuri tun watanni da yawa kafin ranar zuwa, kuma akwai masu zaman jiran ranar, musamman don ƙarshen Oktoba da Kirsimeti.

To me ya sa duk da haka na ce kuɗina bai tafi a banza ba? Kicin. Duk wanda ya taɓa kai iyali irin wannan wuri yana neman abin da ya halatta ya ci ya san wahalar: kifi da dankali yau, kifi da dankali gobe, kuma da tsada. Mu maman yara ta yi miya kala biyu tun a gida ta daskarar, muka sayo naman halal a Atlanta, muka zuba a kula da ƙanƙara, don firjin irin wannan mota yana ɗaukar awoyi kafin ya yi sanyi, kuma ba ya aiki sosai in motar ta karkace, shi ya sa katakon daidaitawa ke da amfani. Kowane wuri yana da teburin cin abinci na waje da murhun gasa nama na gawayi. Daren Laraba na gasa tsire da yajin da Hajiya ta taho da shi daga Kano, ƙamshi ya cika unguwa, dattijon nan da matarsa suka zo suka ɗanɗana, ya sha ruwa kofi biyu yana hawaye yana miƙo hannu a ƙara masa. An yarda a shiga wuraren wasan da abinci daga waje, don haka kowace safiya sai mu cika jaka da burodi da ƙwai da ruwa.

Tikitin kwana huɗu na saya na wuraren wasa, kuma da biyu ko uku na saya da ya fi. Masu kwana a masaukan Disney ana barinsu su shiga minti 30 kafin kowa, muka riƙa amfani da wannan, mu fita da sassafe, mu dawo kafin hadarin azahar, mu kwanta a sanyi. Amma ranar da yaran suka fi ba da labarinta har yanzu ita ce wadda ba mu je ko'ina ba. Da safe suka je bargar Tri-Circle-D suka ga manyan dawakan da ke jan keken doki a Magic Kingdom, da rana suka yi ninƙaya, da magariba aka hura wuta a fili kusa da Meadow, aka yi waƙe-waƙe da 'yan wasa masu shigar kurege, sannan aka haska fim a waje, duk babu ƙarin ko kwabo. Wanda ya biya kuɗin wannan sansani, wanda ba arha ba ne in an gwada shi da sauran sansanonin Filorida, sannan ya riƙa fita da asuba yana dawowa tsakar dare, gara ya kama ɗakin otal a gari.

Ƙananan abubuwa da zan ƙara: tafi da tocila, don hanyoyin cikin unguwanni akwai duhu da dare. Tafi da maganin sauro ko da ba za ka buƙace shi kullum ba. Mutane da yawa suna zuwa da karnuka, a ɗaure suke amma za ka yi ta cin karo da su, mai gudun su ya faɗa tun wajen kama wuri. Allunan da ke bakin ruwa masu gargaɗin kada da macizai ba ado ba ne, kada yaro ya sa ƙafa a tafki ko rafi. Ana sakin wuri da ƙarfe 11 na safe, kuma juye tanki, naɗe tiyo, cire wuta da ɗaure duk abin da zai faɗo a hanya ya ci mini awa biyu, don haka a fara tun dare.

Daren ƙarshe muka hau 'yar motar lantarki mu shida a matse, muka gangara bakin tafki. Daga yashin nan ana hango wasan wutar Magic Kingdom a saman itatuwa, babu turereniya, daga baya kuma jerin jiragen ruwa masu fitilu suka ratsa ta gabanmu, abin da ake yi a tafkin tun 1971. Autarmu ta yi barci a cinyar kakarta tun kafin a gama. A hanyar komawa Hajiya ta tambaye ni ko unguwar 100 ɗin nan da nake ta magana ana samun wuri a watan Disamba, kuma ko motar da ta fi wannan girma tana da wurin da mutum zai iya wanke ƙafa.