Ɗigo, abin wuya ko ƙwaya: wanne ya dace da kare mai kaska a gidan da akwai kyanwa da yarinya?

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce karenka ɗan shekara biyu ne, kaska ta addabe shi a kunnuwa da tsakanin yatsu, yanzu kuma ka fara ganin ƙuma. A gidan akwai kyanwa, akwai kuma yarinyarka ƙarama wadda ba ta rabuwa da shi, sannan duk mako kana yi masa wanka. An ba ka shawara uku: maganin da ake ɗigawa a doron wuya, abin wuya mai magani, da ƙwayar da kare ke taunawa. Kana so ka san wanne za ka ɗauka.

Da ni ne kai, ƙwayar zan ɗauka, muddin karen bai taɓa farfaɗiya ba. Ba don ta fi sauran biyun ƙarfi a kowane hali ba. Kyanwar nan da yarinyar da wankan mako-mako su ne suka yanke hukuncin. A wani gidan, da wata amsar zan bayar.

Bambancin farko da ya kamata ka gane shi ne inda maganin yake zama. Yawancin ɗigo da abin wuya a waje suke aiki, a kan fata da gashi. Ƙwaya kuwa cikin jini take shiga. Kusan duk wata falala da duk wani aibu na ukun daga nan suka samo asali.

Ɗauki ɗigon. Ana buɗa gashin ne a tsakanin kafaɗu, inda harshen kare ba ya kaiwa, a matse ruwan a kan fata. Irin su Frontline, masu sinadarin fifuronil, suna bin maiƙon fata su watsu a jiki, su taru a ƙananan ramukan da ke fitar da maiƙon, daga nan su riƙa fitowa a hankali har kusan wata guda. Tunda a maiƙo maganin yake zaune, duk abin da ya wanke maiƙo ya rage masa ƙarfi. Shi ya sa ake cewa kada a yi wa kare wanka kwana biyu kafin a ɗiga da kwana biyu bayan an ɗiga. Kai da kake goge shi da sabulu duk mako, kafin wata ya cika rabin aikin ya bi ruwa. Mutane da yawa da ke cewa ɗigo ba ya aiki, ko dai a kan gashi suka zuba shi maimakon fata, ko kuma sabulu ya tafi da shi. (Wankan mako-mako ma, idan ba likita ne ya ce a yi ba, ya yi wa yawancin karnuka yawa, yana busar musu da fata. Amma wannan wata maganar ce.)

Abin wuya shi ne mafi daɗewa. Seresto, wanda ya haɗa sinadaran imidakulofirid da fulumetirin, yana kaiwa wata 8. Maganin a cikin robar yake, yana fitowa kaɗan-kaɗan yana bin fata. Ga mai yawan mantuwa wannan babbar falala ce, ka ɗaura sau ɗaya ka huta. Sai dai shi ma ruwa na rage masa kwana: kamfanin da kansa ya ce idan kare na yawan shiga ruwa, kariyar ƙuma na sauka zuwa wata 5, ta kaska zuwa wata 7. Kuma dole ya taɓa fata. A ɗaura shi yadda yatsu biyu kawai za su shiga tsakaninsa da wuya. Idan ya yi sako-sako yana lilo a kan gashi, ado ne kawai.

Ƙwayar kuma, akwai ta wata-wata kamar NexGard da Simparica da Credelio, akwai Bravecto mai mako 12. Duk dangi ɗaya ne, kuma ba su daɗe da shigowa ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da NexGard a 2013, Bravecto a 2014. Da zarar kare ya haɗiye, maganin ya shiga jini, sabulu da ruwan sama da iyo ba su da abin da za su yi masa. Ƙuma ko kaska ta ciza, ta sha, jijiyoyinta su rikice, ta mutu. Ƙuma cikin 'yan awoyi take faɗuwa, kaska na ɗan ɗaukar lokaci fiye da haka. Ƙari a kan wannan, wannan dangin na kashe ƙwarin da ke jawo ƙazuwar kare, abin da sauran biyun ba su kai su ba.

Amma lura da abin da na ce: sai ta ciza. Nan ne raunin ƙwaya yake, kuma ba ƙaramin rauni ba ne, domin ba jinin da kaska ke sha ne abin tsoro ba, cutar da take zubawa ce. Kaskar kare mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ta fi kowace yawa a ƙasashe masu zafi, tana ɗauke da cututtuka biyu da ake kira zazzaɓin kaska. Ɗaya, babesiya, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai ka ga dasashin kare ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, ya kwanta ya ƙi abinci. Ɗayar, elikiya, tana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, har kare ya riƙa haɓo ko ka ga ɗige-ɗigen jini a fatar cikinsa. Babesiya yawanci sai kaska ta yi kwana ɗaya zuwa biyu a maƙale kafin ta shiga, don haka ƙwaya na riga ta. Elikiya kuwa tana iya shiga cikin 'yan awoyi. A wannan gaɓar, maganin da ke korar kaska tun kafin ta kafa baki ya fi, wato abin wuya irin na Seresto ko ɗigo mai sinadarin fametirin kamar Advantix. Fifuronil ba ya kora, kashewa kawai yake yi bayan ta hau jiki.

To me ya hana in ce maka ka ɗauki Advantix? Kyanwarka. Fametirin guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda ta kare ke yi. Ba sai an ɗiga mata ba. Ta kwanta jikin karen da aka ɗiga wa, ko ta lashe shi, ko ta hau shimfiɗarsa sannan ta lashi jikinta, ya isa ta fara karkarwa da zubar da yawu, ta kai ga farfaɗiya, ta mutu idan ba a gaggauta kai ta wurin likita ba. A jikin kwalin za ka ga gargaɗin kada a yi wa kyanwa amfani da shi. Ana iya raba su na aƙalla awa 24 har wurin ya bushe, kuma akwai masu yin haka lafiya lau, amma yin hakan duk wata ba tare da kuskure ko sau ɗaya ba, a gidan da yara ke buɗe ƙofa, ni ban ga dalilin ɗaukar wannan kasadar ba. Seresto ba shi da wannan matsalar, har na kyanwa ake yi. Fifuronil ma bai cutar da kyanwa, amma yana kashe zomo, ga mai kiwonsu.

Sai yarinyar. Yaro ƙarami yana rungumar wuyan kare, ya cusa hannu a gashinsa, ya kai hannun baki. Da ɗigo, sai an hana ta taɓa shi har wurin ya bushe, shi ya sa ya fi kyau a ɗiga da yamma idan yara sun kwanta. Da abin wuya kuwa maganin yana nan daidai inda hannunta ke sauka, dare da rana, wata da watanni. Adadin da ke fitowa kaɗan ne, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka, bayan ƙorafe-ƙorafen da aka yi ta kawowa a kan Seresto, ta bincika ta bar shi a kasuwa a 2023 tare da ƙarin gargaɗi da sa ido. Duk da haka takardarsa ta ce kada a bar yara su yi wasa da shi ko su sa shi a baki, kuma kai ka fi kowa sanin ko 'yarka za ta kiyaye wannan. Abin da na fi tsoro ma shi ne abin wuya mai araha wanda ba a san kamfaninsa ba, da jabun Seresto da suka cika intanet. Wasu ba komai a cikinsu, wasu kuma tsofaffin sinadaran kashe ƙwari ne a ciki masu barin gari a kan gashi. Ƙwaya ba ta barin komai a jikin kare da yaro zai shafa. Abin kiyayewa kawai shi ne a ɓoye kwalin, don tana da ƙanshin nama, kare na iya cinye duka idan ya samu, yaro ma na iya ɗauka alewa ce.

Yanzu sharaɗin da na gindaya tun farko. A watan Satumba na 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa wannan dangin ƙwayoyi na iya jawo wa wasu karnuka karkarwar jiki, tangaɗi, ko farfaɗiya, har da waɗanda ba su taɓa yi ba. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma hukumar ba ta janye su ba, ta ce dai a rubuta a jikin kwali. Amma ka lura da wani bambanci: idan abin wuya bai karɓi kare ba, ka cire; idan ɗigo ne, ka wanke da sabulu; ƙwaya kuwa in ta shiga ta shiga, ba yadda za a fitar da ita. Saboda haka nake ganin karen da bai taɓa shan irinta ba a fara masa da ta wata guda, kada a fara da ta mako 12. Idan wata biyu ko uku suka wuce lafiya, sai ka koma mai daɗewar in kana so. Karen da ya taɓa farfaɗiya kuwa, ko da sau ɗaya, faɗa wa likitan dabbobi kafin komai. A wannan halin abin wuya na asali ne zan karkata gare shi, a koya wa yarinya ta bar wuyan.

Duk ukun da nauyin kare ake auna su, don haka a ɗora shi a sikeli, kada a yi kirdado. Kada a raba ƙwayar babban kare biyu a ba ƙarami, kuma kada a haɗa biyu daga cikin ukun a lokaci ɗaya sai da izinin likita. Bravecto da Credelio tare da abinci ake ba su don jiki ya karɓa sosai. Kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, nasu lissafin daban ne.

Akwai kuma abin da babu ɗaya daga cikin ukun da zai yi maka shi kaɗai, kuma a nan ne yawancin mutane ke yanke ƙauna su ce an sayar musu da jabu. Ƙumar da kake gani a jikin kare ƙaramin kaso ce, kamar 5 cikin 100. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi da waɗanda ke cikin kwanso, suna shimfiɗarsa, ƙarƙashin kujera, cikin tsagar daɓe. Macen ƙuma ɗaya na iya yin ƙwai har 50 a rana, na cikin kwanson kuma na iya kwanciya watanni suna jiran ɗumin jiki ko motsi. Kaskar nan mai launin ƙasa ita ma ta bambanta da sauran kaska, domin tana iya kammala rayuwarta kaf a cikin gida: ta ƙoshi ta sauka, ta hau bango, ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. Kashe na jikin kare a bar na cikin bango kamar kwashe ruwa ne daga ɗaki alhali rufin na yoyo. Sai ka wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi duk mako, ka share lungu-lungu, ka toshe tsagogin ɗakin da yake kwana, ka sa wanda ya san aikin ya yi feshi a lokacin da dabbobi da yara ba sa wurin. Ka ci gaba da ba shi magani aƙalla wata 3 a jere ko da ka daina ganin komai. Ita ma kyanwar a ba ta nata maganin, wanda aka yi don kyanwa, in ba haka ba ita za ta zama ma'ajiyar ƙumar. Kuma tunda ƙuma na ɗauke da 'ya'yan tsila, wadda kare ke kamuwa da ita idan ya haɗiye ƙuma wajen susa da haƙori, a haɗa musu da maganin tsutsar ciki. Yaro ma na iya kamuwa ta wannan hanyar, ko da yake ba a cika gani ba.

Wata hanya da ba ka ambata ba amma na san za a kawo maka ita: maganin wankan shanu ko na feshin gona a dama da ruwa a wanke kare. Kada ka yarda. Ƙarfinsu ba na kare ba ne, kare kuma yana lasar jikinsa.

Kaskar da ke maƙale a kunnensa yanzu kada ka jira magani ya kashe ta. Ka kama ta da matsefata daf da fata, ka ja a miƙe a hankali ba tare da matse cikinta ba, ka jefa ta a barasar asibiti ko ka naɗe ta da salatef, ka wanke wurin da hannunka. Ban da kananzir, ban da mai, ban da wuta. Waɗannan na iya sa ta ƙara zuba abin da ke cikinta a jikin karen. Kuma tunda ka ce ta daɗe tana damunsa, ɗaga leɓensa ka duba dasashin yau. Idan ya yi fari ko rawaya, ko karen na kasala da ƙin abinci, a fara da gwajin jini a wurin likita, ƙwayar ta biyo baya.